Ni Ke Shan Ƙwayar, Ɗan Baffana Ya Sha Marin

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana. Kuma tun kafin ku fara, wanda ya san zagi ne ya kawo shi, ya riƙe abinshi. Na ga yadda kuke yi wa mutane in sun kawo damuwarsu, kowa ya zama malami, kowa waliyyi, kamar ba ku taɓa yin ƙarya ba tunda aka haife ku. Ku ji ni har ƙarshe kafin ku yanke mani hukunci.

Ni saurayi ne, shekarata ashirin da ɗaya, ɗan wani gari cikin ƙasar Mayahi. Bana na ci bak, wato jarabawar ƙarshen sakandare, sunana ya fito a jami'a, fannin noma. Gida ana ta murna, ni kuwa duk wanda ya ce mani barka ji nake kamar in shaƙe shi.

Tun ina ƙaramar lakkwal, wato firamare, ni ne jakin aji. Ba wai ban ganewa ba ne. Mushe, malamin aji, zai fara bayani, in kama farkon, kafin ya kai ƙarshe hankalina ya bi akuyar da ta gitta ta taga. In fara rubutu a kaye, littafin rubutu, layi uku, sai in tsinci kaina ina zanen moto. Na sha bulala har bayana ya saba. Aji biyu na maimaita. Baba ya kai ni wurin malamai, na sha rubutu, an yi mani hayaƙi, aka ce iska ce, aka ce baki ne, daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa iskanci ne kawai.

Da na lallaɓa na shiga lise, babbar sakandare, sai Gwaggo, ƙanwar Baba, ta ɗauke ni zuwa Tasawa. Ma'aikaciyar asibiti ce. A gidanta nike zaune tare da ɗan baffana, bari in kira shi Habibu. Na girme shi da shekara biyu amma ajinmu ɗaya, ɗakinmu ɗaya. Shi ne yaron kirkin dangi. Tun muna yara ba abin da kunnena ya sha kamar "ka dubi Habibu". Kun san yadda mutum ke ji in ƙanenshi ne ake nuna mashi da yatsa shekara goma?

Gwaggo ce ta lura da cewa ina zama da littafi awa biyu ban juya shafi ba, kuma ina kuka a kai. Lokacin hutu ta kai ni Yamai wurin wani lokotoro, likitan ƙwaƙwalwa. Kwana biyu yana yi mani tambayoyi, sannan ya ce abin da ke damuna sunanshi TDAH, wai ƙwaƙwalwata ba ta iya riƙe hankali wuri ɗaya, kuma haka aka haife ni. Ya rubuta magani, ƙwaya ɗaya kowace safiya. Muna cikin mota Gwaggo ta ce mani, "Kada babanka ya ji. In lokaci ya yi ni zan gaya mashi da kaina." Ban tambaye ta dalili ba, na sani. Babban wana, Yaya Laminu, ɗan kabu-kabu ne, kuma Baba ya kore shi daga gida saboda tramol. Da hannunshi ya watso mashi kaya waje, ya ce gidanshi ba ya ɗaukar ɗan ƙwaya. Ga Baba, ƙwaya ƙwaya ce.

Ranar da na fara sha, na zauna aji, mushen lissafi ya yi magana tun daga farko har ƙarshe, kuma na ji duka. Duka! Na fito ina tambayar kaina, wai dama haka sauran mutane suke rayuwa? Cikin shekara biyu na taso daga ƙasan aji na wuce Habibu. Ya yi ta mamaki, har ya binciki jakata ya ga kwalin maganin. Saura kwana uku a fara bak ya tare ni bakin famfo da safe. Ya ce, "Ba ni guda biyar." Na ce ba na kowa ba ne, lokotoro ya ce zai iya cutar da wanda ba a auna ba. Ya ce, "Wato kai kaɗai za ka ci ke nan." Na ce ya je ya tambayi Gwaggo. Bai je ba. Kuma gaskiya, ko da lokotoro bai hana ba, ba zan ba shi ba. Na so in wuce shi, ko sau ɗaya a rayuwata.

Sakamako ya fito, na ci, shi ya faɗi. Da muka je gida Baba ya yanka rago, bayan la'asar aka taru a zaure, baffanni da abokan kasuwarshi. Gwaggo tana aiki, ba ta zo ba. Baba na cikin cewa addu'a ce ta kama ni, sai Habibu ya miƙe, ya fiddo wani fankon maganin da na jefar, ya ajiye kan tabarma. Ya ce, "Baba, ku tambaye shi me yake haɗiya kullum da safe."

Na dubi fuskar Baba, na ga irin fuskar da ya yi wa Yaya Laminu. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Baba, daga aljihun wa abin nan ya fito, nawa ko nashi? Wa ya ci, wa ya faɗi? Kun taɓa ganin ɗan ƙwaya ya ci bak?" Baba ya ce in rantse. Na ce, "Wallahi tallahi ban taɓa shan tramol ba." Kuma gaskiya ne, ban taɓa ba, shi ya sa na zaɓi wannan kalmar. Baffa, mahaifin Habibu, ya tashi ya zabga mashi mari gaban mutane, ya ce, "Ga faɗuwa, ga shaye-shaye, ga hassada." Habibu bai yi kuka ba. Kallona kawai ya yi.

Yanzu Baffa ya ce Habibu ba zai maimaita terminal, ajin ƙarshe, ba, ya sa shi bin motar hatsi kasuwa-kasuwa. Yaran unguwa in ya wuce sai su ce "ɗan ƙwaya". Yaron da ko sigari bai taɓa sa wa a baki ba.

Na san me za ku ce. Amma shi fa? Wa ya aike shi? Ya san abin da ya faru da Yaya Laminu, da idonshi ya gani, kuma ya zaɓi ranar da aka tara mutane don ya tona ni. So ya yi a watso mani kaya waje. Shekara goma ana dukana yana gaban aji yana murmushi, ranar farko da aka yanka rago don ni sai ya kasa haƙuri? Wani lokaci in na tuna marin, wallahi daɗi nike ji, sai daga baya in kasa cin abinci.

Abin da ya fi ci mani rai shi ne, ina jin gaskiya ya faɗa. Bayan abin na daina shan maganin sati biyu, don in gwada kaina. Na ɗauki littafin da na ci jarabawa da shi, shafi ɗaya ya gagare ni. Jakin nan yana nan, bai je ko'ina ba. To bak ɗin nan na wa ne? Nawa, ko na kwalin da Gwaggo ke wahalar nemowa? Kujerar da zan zauna a jami'a ba ta wani mai kai irin Habibu ba ce? Lokotoro ya taɓa ce mani abin kamar tabarau ne ga mai ciwon ido, ba ya saka maka ilimin da ba ka karanta ba. Na ji. Amma wa aka taɓa kora daga gida don ya sa tabarau?

Na haɗu da Yaya Laminu a tasha ranar kasuwa. Ya kashe moto, ya dube ni ya yi dariya. Ya ce, "Ƙanena, an nuna mani fankon nan, na Habibu ne in ji wa? Ni da kai duk ɗaya ne, kai dai naka da takardar lokotoro." Na ce ƙarya yake, ni magani nike sha, shi maye yake yi. Ya ce, "To je ka gaya wa tsoho haka mana." Ya tada moto ya bar ni tsaye.

Shekaranjiya Gwaggo ta kira ni ɗakinta. Ban taɓa ganin ta haka ba. Ta ce, "Ni na kai ka Yamai don ka zama mutum, ba don ka binne ɗan'uwanka da rai ba." Na ce ai ita ta ce in ɓoye, shekara biyu ina jiran lokacin da ta ce zai yi. Ta ce, "Laifina na ɗauka. Amma ɓoyewa na ce, ban ce ka yi ƙazafi ba. Kafin ka hau motar tafiya jami'a ka gaya wa babanka da baffanka, ko ni in gaya masu." Saura kwana tara.

In na faɗa, Baba zai ji abu biyu lokaci ɗaya: ɗanshi na shan ƙwaya, kuma ya yi wasa da rantsuwa a zaurenshi gaban abokanshi. Ban san ko zai bari in tafi ba, ban san ko zan sake shiga gidan ba. In na yi shiru Gwaggo ta faɗa, ya fi muni. Har na yi tunanin in bar karatun gaba ɗaya, tunda dama ban tabbata nawa ne ba, amma wannan ba zai mayar da Habibu aji ba. Kuma ban iya zuwa in durƙusa mashi, har yanzu in na gan shi zuciyata tafasa take.

Masu zagi, ga fili nan. Sauran ku, masu tsoron Allah, in fara da Baba ne, ko da Baffa, ko da shi Habibun? Kuma in tafi jami'ar ko in haƙura? Ni dai kaina ya ƙulle. Me zan yi?