Baƙin Baba da Ba Sa Shan Gahawa

Karak, Talata. Aikin farko: dafa gahawa.

Zuwa ga Yayana Nawwaf,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Maisun da yara. Allah Ya sauƙaƙa muku sanyin Jamus. Mu nan alhamdu lillahi, an gama tsinkar zaitun, gwiwar Gwaggo Falha ma ta yi sauƙi.

Maganar Baba ce. Sai da na duba littafin da nake rubuta halinsa kullum, don kada in ƙara ko in rage. Rawar hannun ka santa, Fakinsan ɗin da likita ya faɗa. Shekarun baya ya fara cewa wani abu kamar kyanwa na giftawa ta gefen idonsa, muka yi dariya. Daga nan sai ya riƙa jin mutum tsaye a bayansa. Bara baƙi suka fara zuwa, dattawa uku, su zauna a ɗakin baƙi shiru. A lokacin ya san babu su, har yakan yi musu tsiya, wai bai taɓa yin baƙi masu sauƙi irinsu ba, ko lomar mansaf, shinkafarmu da naman rago, ba sa ci.

Bana wannan sanin ya tafi. Ya ce in zuba musu gahawa, na zuba. Sai ya ga finjalan a ajiye ba a taɓa ba, ka kuwa san abin da hakan ke nufi a wurinmu: da buƙata suka zo, ba za su sha ba sai an amsa musu. Baba ya riƙa yini yana roƙonsu su faɗi abin da ke tafe da su. Don ya huta, na fara shanyewa idan ya juya baya. Garin neman gira na rasa ido, domin na manta finjali ba ya zama fanko sai an amsa buƙata. Ranar Juma'a ya kama ni. A hankali ya ce, "Rudaina, me kika ba su a bayan idona?" Yanzu ya yi imani gonar zaitun na ba su. Ba ya karɓar magani a hannuna, sai a hannun Gwaggo.

Likita ya ce cutar da maganin duka suna kawo haka. In aka rage maganin, wataƙila baƙin su ragu, amma ƙafafun za su sandare, ko masallaci zai gagare shi. Jibi likitan yake son amsarmu. Na rubuta "a rage" na soke, na sake rubutawa. Ba zan iya yankewa ni kaɗai ba, Yaya. Ka kira gobe, har yanzu Baba ya yarda da muryarka. Ka ce masa gona tana nan.

Gwaggo na gaishe ka. Ka gaishe mini da Maisun, ka shafa kan Lujain da ƙanenta.

Ƙanwarka,
Rudaina

Ayyukan gobe:
Kai wa Gwaggo maganin safe ta ba shi.
Naɗe shimfiɗar da yake tuntuɓe da ita.
Jiran kiranka.
Finjalai: huɗu har da na baƙin, ko ɗaya na Baba kaɗai, ban yanke ba.