Furen Ɗan Kunnen Hassia

Unguwar Hajara, Sabha
Bayan ƙaramar Sallah

Zuwa ga Yayata Safoura,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da Inna da yara. Barkanmu da shan ruwa, Allah ya karɓi ibadarmu. Mu nan lafiya lau. Maigidana Malam Illia yana aikin gona a Samnu, ya zo mana Sallah, Kaoussara kuma ta yi tsawo har ta kai kafaɗata. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san da girma na koye shi. Ban yi miki saƙon murya ba ne don Inna na sauraren duk abin da ya shigo wayarki, maganar nan kuwa ba ta kunnenta ba ce.

Yaya, bana ban yi niyyar yin gato, biskit ɗin Sallah, ba. Tun da zazzaɓi ya ɗauke mana babbar 'yarmu Hassia bara, ko warin man shanu a wuta ba na so. Amma ranar jajibiri Kaoussara ta tasa ni gaba, wai gidan kowa na ƙamshi ban da namu. Maƙwabciyata Khadijatu, 'yar Kano, ta shigo da fulawa da dabino, tana mini tsiya wai mutanen Damagaram ba mu iya komai ba sai fura. Na ce mata ai gara fura da cincin ɗinta mai karya haƙori. Nan da nan muka kwaɓa, muka yi magarud irin na Larabawan nan, mai dabino a ciki, da ƙananan gato masu siffar wata. Kaoussara ta yanka taurari da kwalin shayi ta rataye a ƙofa, babanta ya hura balan-balan har ɗaya ta fashe masa a gemu. Wallahi na yi dariya, har na ji kunyar kaina.

A nan ba a gida muke gasawa ba, gidan burodi ake kai tire, kuma kowace mace tana yi wa nata alama don kada a musanya. A da Hassia ke yi mana. Takan cire ɗan kunnenta mai fure ta danna a kan kowane gato, kin tuna shi, wanda ganye ɗaya ya karye. Bana ni na yi, layi biyu da cokali mai yatsu. Na rufe da tsumma, na shiga sallar azahar, Malam ya ɗauka ya kai. Da ya dawo na buɗe, sai ga layukana biyu, kuma a tsakiyar kowane ɗaya ga furen nan, da karyayyen ganyensa. Ko ɗaya ba a tsallake ba.

Na tambayi Kaoussara a hankali. Ba ta ji tsoro ba, ba ta kuma yi dariya ba. Ta ce Yaya Hassia ce ta ce ba a kai tire babu fure. Na ce yaushe ta faɗa mata, ta ce ɗazu, ta ci gaba da ɗaura zarenta. Na zazzage jakarta da akwatinta, na duba ƙarƙashin katifa, ban ga komai ba. Na gwada maɓalli da murfin biro a kan ragowar kwaɓin, babu wanda ya yi kama. Malam ya ce in bar zancen, ƙuruciya ce da kewa, da aka sha ruwa ya ci gato biyu a gabana. Ni na kasa. Baƙi sun ci suna yabawa, ina kallon bakinsu. An ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ƙila haka nake. Amma yarinyar yanzu a gefen shimfiɗar da Hassia ke kwana a da take kwanciya, kuma in ta zuba shayi kofi biyu take ajiyewa.

Ga abin da nake roƙo. Bayan rasuwar, Malam ne ya ƙulle 'yan kunnen a hankici ya aiko miki, ni ban iya dubawa ba, shi kuma ya ce bai tuna ko ya ƙirga ba. Don Allah ki kwance ƙullin nan ke kaɗai. In ɗaya kika gani, to ɗayan yana hannun Kaoussara, ta ɓoye abin yayarta ne, zan rungume ta mu yi kukanmu. In biyu ne, kada ki rubuto mini komai. Ki share mana ɗakin Baba kawai, ki gaya wa direban da ya kawo wannan cewa ɗaki ya shiryu. Zan bar kabarin 'yata ɗaya a Sabha in taho da ɗayar.

Ki gaishe mini da Inna, ki ce mata mun yi Sallah lafiya. Ina gaida Kawu Tassiou, da Aïssa da jaririnta, da Mamou. Ku sa mu a addu'a. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki ƙanwa,
Zoulaïhatou