Sunan da Yayar Mijina Ta Raɗa Mini Saboda Warin Injin Wanki

Assalamu alaikum admin da mutanen wannan gida, barkanmu da war haka. Admin, don girman Allah ki ɓoye sunana, ko harafin farko kada ki saka, don na san akwai 'yan Kazaure a nan kuma wasu dangin mijina ne. Don Allah ku ba ni shawara, amma kafin wata ta rubuto mini haƙuri maganin zaman duniya, ta daure ta karanta har ƙarshe, don haƙurin nan na sha shi har ya gundure ni.

Ni 'yar Babura ce, aure ya kawo ni Kazaure. Asalin gidanmu Barebari ne, mahaifiyata da muke kira Iya har yau in tana Hausa sai ka ji Barbarci yana leƙowa, kuma sana'arta haɗa turaren wuta da humra, har daga Nijar mata ke aikowa a saya musu. A gidanmu in ka ce wa mace ba ta iya miya ba dariya za ta yi, amma ka ce tana wari, to gara ka zabga mata mari. A haka na tashi. Da za a yi mini kayan ɗaki yayyena maza suka haɗu suka saya mini injin wanki, irin mai zagayayyiyar ƙofar gilas a gaba, wanda kana tsaye kana kallon kaya suna juyawa. A lokacin duk dangin mijina mutum ɗaya ce ke da irinsa, babbar yayarsu, a nan zan kira ta Yaya Babba. Ita ma tana ɗan taɓa sayar da humra, kuma tun ranar jere da matan dangi suka dinga tambayar wa ya haɗa turaren ɗakina na ga fuskarta ta canja, amma ina amarya, ban kawo komai a raina ba.

Ita ta tako da ƙafarta ta zo koya mini injin, har ina jin daɗi na yi dacen yayar miji. Ta ce da na gama wanki in maza in rufe ƙofar ƙam, wai in na bar ta a buɗe kyankyasai da ƙadangaru za su shiga su yi ƙwai a cikin robar bakin ƙofar. Ta ce in ba tela ya ɗinka masa riga mai leda a ciki in dinga lulluɓe shi saboda ƙura, in dinga cika garin sabulu sosai don ruwan unguwarmu nauyi gare shi, kuma kada in taɓa kunna wankin ruwan zafi, yana shanye batirin sola. Har ta ce tunda mu masu ƙamshi ne, in dinga tsiyaya humra a aljihun da ake zuba sabulu, kaya su fito da ƙamshinsu tun daga ciki. Wallahi har godiya na yi mata, na cika mata kwalba da turaren Iya mai kyau na raka ta bakin get.

Damina na sauka abu ya fara. Kaya su fito fes a ido, in ka shinshina su a igiya ba laifi, amma da mutum ya saka ya yi ɗan gumi sai wani wari ya taso, kamar tsumman goge-goge da aka manta a bokiti. Maigidan ma'aikaci ne, wata rana ya dawo daga ofis ransa a ɓace, wai wani abokin aikinsa ya tambaye shi cikin raha ko ruwa ne ya dake shi a kan mashin. Daga nan ya fara tattara kaftaninsa yana kai wa mai wanki da guga, bai ce mini uffan ba, ni kuma da ya zage ni ya fi mini sauƙi. Na ƙara sabulu, na ƙara humra, in baza kaya a kan kabbasa in yi ta banka musu turaren wuta, to duk wadda ta san ƙamshi ta san ba abin da ya kai turare a kan wari tayar da zuciya. Na koma wa Yaya Babba da kukana, ta ce ai inji ba ya wari, sai dai ko ba na rufe shi da kyau ne, ta kuma ƙara da cewa wasu matan jikinsu ne haka. Jama'a har asibiti na je, na ɗauka ciwon sanyi ne, na sha magani na banza da wofi. Matan da suka fara aikowa in karɓo musu turare daga Babura suka janye ɗaya bayan ɗaya, a gidan suna in zauna a tabarma sai in ga ana ɗan gyara zama.

To ga inda abin ya fi ci mini rai. Sunana ɗaya da na surukata Hajiya, kun san ba mai iya kama sunan a gidan, don haka kowa Amarya yake ce mini. Da ƙanin maigidan ya yi aure sai aka sami sabuwar amarya, aka ce dole a nemo mini wani sunan. Ranar a tsakar gidan Hajiya mata sun cika, Yaya Babba ta ce ita za ta raɗa, ta ce daga yau sunana Rima. Aka kwashe da dariya har da tafawa. Ni na ɗauka irin sunan Larabawan nan ne na 'yan gayu, na sunkuyar da kai ina murmushi, a raina ina cewa kai, an karɓe ni a gidan nan. Yara suka kama Anti Rima, maƙwabta suka kama, maigidan ma in yana cikin nishaɗi sai ya ce Rimata. Har a wayata na rubuta sunan da ɗan hoton fure a gefe.

Asiri ya tonu ne da aka sa ranar auren 'yar Yaya Babba, Ummi, wadda za a kai Roni. Na je kai musu cincin ɗin da na yi, sallamata ba su ji ba saboda janareta, na iske su ta baya wajen injinta. Abin da idona ya fara gani shi ne ƙofar injin a wangale, ba riga ba leda, an zaro aljihun sabulun an kife shi a rana. Tana tsugune tana nuna wa 'yarta, ta sa yatsa ta ɗaga robar bakin ƙofar tana cewa nan ruwa yake kwanciya, kullum in ta gama ta goge cikin ninkin da busasshen tsumma, kada ta sake ta rufe ƙofa sai cikin ya sha iska, kada kaya su wuni a ciki bayan ya tsaya, sabulu ɗan kaɗan ya isa, kuma lokaci-lokaci ta kunna shi ba kaya a wankin ruwan zafi da ɗan bilic. Ta nuna mata wata 'yar ƙofa a can ƙasa da ni ban ma san tana buɗuwa ba, ta ce nan datti ke taruwa. Sai ta ce, “Kuma kada ki kuskura ki zuba masa turare, mai ne, liƙewa yake yi. In kika yi wasa ke ma Rima za su sa miki a Roni.” Ummi ta ce, “Kai Mama, ki bari mana, ba kyau.” Ita kuwa har da riƙe ciki don dariya.

Na ajiye bokitin cincin a bakin ƙofa na juya, ban san yadda ɗan acaba ya kawo ni gida ba. Kafin in shiga na leƙa wajen wata tsohuwa maƙwabciyata 'yar Gwiwa, na tambaye ta mene ne rima da Hausa. Ta dube ni ta kau da kai, ta ce danshin nan ne da ke kama ɗaki da damina, har tabarma da tufafi su yi wari, ta ce ita tun tuni take jin nauyin kirana da sunan, shi ya sa take ce mini 'yar nan. Na shiga na yaye rigar ledar na yi jifa da ita, na ɗaga robar. Innalillahi. Funfuna baƙi ƙirin ya zagaye ta, ga wani yauƙi mai santsi, ga tsohuwar safa ta ruɓe a ciki, aljihun sabulun kuwa humra da sabulu sun daskare sun zama kamar kwata. Da na kwance 'yar ƙofar ƙasan wani baƙin ruwa ya ɓulɓulo, sai da na yi amai. Na tari ruwan a gorar roba don in nuna wa maigidan. Ina dirzar robar da tsohon buroshin haƙori ina kuka, na yi masa wankin ruwan zafi sau da yawa, na bar ƙofar a buɗe. Tun daga ranar ko ɗankwalina bai sake wari ba.

Na zayyana wa maigidan komai, na nuna masa gorar. Ya toshe hanci, sai cewa ya yi shi bai san ma'anar sunan ba, kuma ai yanzu ya riga ya bi ni, in bar shi kawai. Da na matsa ya kira yayar tasa, ta rantse ita ba ta tuna ta ce mini in rufe ƙofa ba, wai kowane inji da halinsa, sunan kuma wasa ne irin na dangin miji, in ba zan iya ɗaukar wasa ba me ya kawo ni gidan yawa, har ta ce mace da hancinta ai ba sai an gaya mata tana wari ba. Muka yi kaca-kaca da shi a kan sai ya sa ta ba ni haƙuri a gaban matan da ta raɗa sunan a gabansu, ya ce ita ta goya shi, ba zai iya ba, in rufa masa asiri biki ya wuce lafiya. Ita kuwa har yau ko a waya ba ta neme ni ba.

Ana wata ga wata, tiransifomar unguwarsu ta lalace, janaretansu ba ya ɗaukar injin, ni kuma ina da sola. Shekaranjiya sai ga maigidan da ƙatuwar jaka, wai Yaya ta ce a kawo wa Rima ta wanke ta turara, tunda yanzu ta waye. Ku ji raini. A ciki akwai lesukanta na uwar amarya da za ta saka ranar wuni da ranar kai amarya, da mayafai, da zannuwan gadon Ummi. Gorar nan kuwa ban zubar ba, tana bayan ɗakin girki, rana ta ƙara dafa ta. Na san aikinta sarai, ba wanda zai koya mini. In na tsiyaya kaɗan a ruwan ɗauraya na ƙarshe, na ninke lesukan da ɗan saura danshi, na bi su da turare, ba za ta ji komai ba sai ta shiga tsakiyar dangin ango ta fara rawa gumi ya karyo. Ba na ma son in ɓoye, so nake ta juyo ta gan ni a kujera ta gane. Kayan Ummi na ware su gefe, ita kaɗai ce ta taɓa cewa a bari, sai dai na san in uwar amarya ta yi wari a Roni yarinyar ce za ta zauna da gorin bayan kowa ya watse. Hajiya ma ba ta taɓa kirana da sunan ba, kuma taronta ne. Na san ramin mugunta gajere ake gina shi, na sani, amma duk sanda na tuna maganin sanyin da na haɗiya sai in ji hannuna yana ƙaiƙayi.

Da na fara lallashin zuciyata in bar wa Allah, sai jiya da hantsi Iya ta kira ni. In ban da sunan, ban taɓa gaya mata komai ba, tana da hawan jini, kuma kunyar ta ji 'yarta ta yi wari a gidan miji ta hana ni. Murna fal a muryarta, ta ce ta yi wani sabon haɗin humra da ba ta taɓa yin mai kyansa ba, za ta zo da shi biki a raba wa matan Kazaure kyauta don ta fita kunyar surukaina. Ta ce tunda mutanen nan sun so ni har sun ba ni suna mai daɗi, ta sa an buga mata 'yan takardun mannawa a jikin kwalaben, Humrar Rima. Tana ta maimaita sunan da bakinta na Barbarci tana tambayata ko ya yi. Na ce ya yi, Iya.

Yanzu jakar tana gabana ban taɓa ba, bikin kuma sati mai zuwa ne. Iyayena da yayyena na gidan nan, ku gaya mini gaskiya ko da za ta yi mini ɗaci. In zuba ruwan nan ita ma ta ɗanɗana ko na yini ɗaya ne? In mayar mata da jakarta yadda ta zo, maigidan ya yi fushinsa? Ko in miƙe a tsakiyar taro in faɗi abin da ta yi da bakina? Kuma ko na haƙura da duk wannan, ku koya mini da wace kalma zan fara gaya wa Iya ta ɓanɓare takardun nan, don ta ce ita da kanta za ta miƙa wa Yaya Babba kwalbar farko.