Tsirkiya ko Tabarma

Tanut, daren Laraba

Yau a lise, makarantar sakandaren da nake koyarwa, na ɓata rabin darasin fizik a kan abin da ba zai fito a jarrabawa ba. Na gaya wa ɗalibai har yanzu masana sun kasa haɗa dokar da ke jawo dutse ƙasa da dokar ƙwayar zarra. Wasu sun ce asalin komai wata 'yar tsirkiya ce mai kaɗawa, kamar ta goge. Wasu sun ce a'a, sarari kansa saƙaƙƙe ne kamar tabarmar kaba. Ɗalibai sai kallon ƙofa suke.

Da la'asar Kawu Ilu ya zo daga Falanko, na maimaita masa, don ba ni da wani da zan gaya wa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “Ɗana, mu in an yi rikicin iyakar gona, tushen gamba ake nema, ko tsohon da ya ga an dasa ta. Su kuma masanan, wa ya gane musu?”

Na ce babu, kuma ba a ƙera na'urar da za ta gano ba.

“To, su riƙa gaisawa,” in ji shi.

Na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai. Shekarun baya, ɗaki ɗaya muka zauna da abokina Sani muna karatu a Yamai, shi tsirkiya, ni tabarma. Na ce masa mai bautar lissafi, muka rabu ba sallama.

Lambarsa na nan a wayata. Na rubuta gaisuwa, ban tura ba. Duk faɗin yankinmu na Damargu babu mai ce mini na yi kuskure, kuma wallahi shi nake nema.