Kujerar Bayan Aji

Jega,
4 ga Janairu, 1993.

Zuwa ga aminiyata Hajiya Luba,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da iyali da dukan mutanen Aliero. Yaya ciwon gwiwar? Allah Ya ƙara sauƙi.

Jikata Amatullahi, wadda na rena tun rasuwar uwarta, kwalejinsu ta tura ta koyarwar gwaji a firamaren Giwa Tazo, can ƙasar Maiyama. Zango guda za ta yi. Kin san ban yarda jinina ya tsaya gaban aji da kame-kame ba, saboda haka na sa aka shafe bangon tsakar gida da gawayi ya zama allo, na tara yaran maƙwabta, na ce ta koyar da su. Ni kuwa na ɗauki kujera na koma can baya, inda mai duba malamai ke zama, kamar yadda aka yi mana a zamaninmu.

Da ta fara rubutu na ce ta ƙara masa girma, na baya ba su gani. Ta goge ta sake. Na ce har yanzu. Ta sake, na tsawata mata a gaban yara, na ce malamin da bai tuna da ɗan baya ba bai cancanci alli ba. Sai A'i, ɗiyar maƙwabciyata, da ke zaune kusa da ni, ta karanta jimlar duka da ƙarfi, yara suka yi dariya. Ashe kowane harafi ya kai tafin hannu. Amatullahi ta ajiye allin ta shige ɗaki.

Yanar da ke idona ta fi yadda na ɗauka, Luba. Yanzu yarinyar ta rantse ba ta barina ni kaɗai. Idan kuwa ba ta je ba, shekara ta wuce ta, tsararta su karɓi takardarsu su bar ta.

Taki,
Murjanatu.

Jega,
17 ga Janairu, 1993.

Aminiyata Luba,

Ina gaishe ki da kyau, tare da fatan alheri ga kowa. Ki yi haƙuri da karkatar layukana.

Na yi faɗa, na yi lallashi, Amatullahi ba ta motsa ba. Taurin kan nawa ne, ban da bakin zargi. Sharaɗinta ɗaya: in rufe gida in koma wurinki har ta dawo. Kin tuna sau nawa kika yi mini tayin ɗakin nan tun rasuwar maigidana Malam, da irin amsar da nake ba ki. Gidan nan da albashina na gina shi, ban taɓa kwana ƙarƙashin rufin da wani ya yi mini alfarma ba. To, yau ina roƙo. Ki sa a share mini ɗakin, Arzika direba zai kawo ni ranar Laraba. Tuwona ni zan tuƙa, kada ki ce komai a kan wannan.

Yarinyar ta tafi da safiyar yau a kan babur ɗin kabu-kabu, da katifarta da kwalin alli da taswirar sabuwar jiharmu da ta zana da hannunta. Ban yi kuka ba. Na tsaya ƙofar gida ina ɗaga mata hannu yadda ya kamata, har A'i ta zo ta riƙe mini hannun a hankali, ta ce sun daɗe da shan kwana.

Ki sa ta cikin addu'a. Sai na iso.

Taki har kullum,
Murjanatu Jelani.