Minti Biyun da Baba Ya Ga Faisal

Dutse, Jihar Jigawa.

Zuwa ga Yaya Maharazu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti Falmata da yara, da sanyin ƙasar Ailan ɗin da kullum kake kuka da shi. Allah Ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan lafiya ƙalau. An gama yankan dawa a Miga, riɗi ma ya yi kyau bana. Baba yana nan da ƙarfinsa, sai dai yanar ido ta rufe masa idon hagu, na daman ma ya fara gani dishi-dishi.

Saƙon da ka ɗora mini ne ya sa na zauna rubutu, don a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zance. Ka ce in sa Baba ya hana Faisal wasan zari-rugar nan ya koma karatunsa, tunda ba ya tsallake maganar kakansa. Na je Miga na faɗa masa komai: yaron ya fara tun yana sakandare, ƙungiyar garinku ta ɗauke shi, aka kira shi cikin 'yan wasan ƙasa masu buga na mutum bakwai-bakwai, kafaɗarsa ta goce aka yi masa aiki, ya daɗe yana jinya, yanzu kuma ya koma. Har kukan da mahaifiyarsa ta yi a asibiti ban ɓoye ba. Baba ya ce shi ba ya hana abin da bai gani ba.

Sai aka ce suna da gasa a Dubai. Maigidana Abban Zulfa ya je ya ɗauko Baba, ya haɗa waya da talabijin, muka shimfiɗa masa darduma gab da allon. Dukkanmu mun ɗauka irin ƙwallon ƙafa ne, a yi awa ɗaya da rabi ana abu ɗaya. Ana busa usur Baba ya ce bari ya je ya yi alwala ya yi walaha tukuna, ni kuma na shiga dama masa kunu. Yaya, ashe minti bakwai-bakwai ne. Kafin ya shafa addu'a har sun tashi, suna ta gaisawa. Baba ya dube mu ya ce wato ya baro masussuka ne don ya ga Turawa suna musabaha. Na yi dariya, amma raina ya ɓaci, kuma laifinka ne da ba ka gaya mana ba.

Muka ji akwai wani wasan bayan azahar. Baba ya ƙi komawa gida, ya ƙi cin abinci, ko ruwa ya ƙi sha don kada fitsari ya tashe shi. Aka fara babu Faisal, yana benci, sai saura minti biyu aka sa shi. Na ɗora yatsa a kan allon ina bin sa don Baba ya gane shi. Wani ƙato ya kwashe shi ya maka da ƙasa a kan kafaɗar nan. Ya miƙe, ya karɓi ƙwallo ya zura da gudu, ya cilla wa na bayansa. Duk da haka an cinye su.

Da aka tashi, Baba ya ba ni saƙo zuwa gare ka. Ya ce gudun Faisal irin na ƙanensa ne, marigayi Baffa Ahmadu, har karkata kan nan gefe ɗaya, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa. Ya ce duk shekarun nan abin da ya sani na jikansa fuska ce a waya, a ce ina wuni, a ce lafiya, Hausa ta ƙare. Ranar ya fara ganin ƙafafunsa. Maganar karatu zai ja masa kunne da bakinsa, amma wasa ba zai hana shi ba, don kai ma lokacin da za ka tafi dangi sun taru sun ce ya hana ka, bai hana ba. Ya ce in kana so ya daina neman jikansa a talabijin, ka kawo masa shi Miga tun na daman yana gani.

Na san tsoronka, Yaya, ni ma tunda na ga faɗuwar nan yake cina. Amma na fi jin tausayin tsohon nan da yadda ya riƙa matsawa jikin allon da gwiwa.

Ka gaishe da Anti Falmata da Mashkura da Safa, ka shafa mini kafaɗar Faisal. Abban Zulfa da Inna Adawiyya suna gaishe ku. Baba ya ce a sanar da shi ranar wasa na gaba, wannan karon da alwalarsa zai zauna.

Wassalam, ƙanwarka,
Rakiya.