Gaisuwar Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya aiki, ya hidima?

Na rubuto ne maimakon in kira, don muryata za ta tona ni, kai kuma ka kamo hanya babu shiri. Baba yana asibiti. Tarin nan da ya dage cewa mura ce ya kayar da shi a tsakar gida, maƙwabta suka kira motar asibiti, na bi shi.

A hanya ma'aikaciyar motar ta auna numfashinsa da bugun zuciya da zafin jiki, kowane awo tana ba shi maki. Ta tambaye shi inda yake, ya ce yana shagonsa, shagon da ya rufe tun ina makaranta. Wannan ma ta sa masa maki. Da ta haɗa ya tashi bakwai. Ta ce mai lafiya ba ya samun ko ɗaya, mai bakwai kuwa jikinsa na iya rikicewa daga baya ko da ya yi kamar ya warware. Ta sa masa iskar oksijin, ta ce kada in manta da lambar nan.

Kafin mu isa Baba ya farfaɗo, har yana neman hularsa. Nas ta sake awo, maki biyu, aka kai shi ɗakin marasa lafiya na gama-gari. Kowa na cewa in gode Allah. Na gode, Yaya, amma bakwai ɗin ta tsaya mini a rai.

Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka, da fatan yara suna lafiya.

Ka yi haƙuri da rubutun, a kan benci nake yin sa. Ka san Baba da gaisuwa. Duk wanda ya tsaya a gadonsa ya ce ya jiki, sai ya ce da sauƙi, ya bi shi da ya aiki, ya iyali, ya gajiya, ya rufe da sa albarka. Nas-nas suka ce ba su taɓa ganin tsoho mai tsaf da hankali irinsa ba, suka yi ta rubuta cewa yana cikin hayyacinsa.

Ni ma haka ya yi mini. Na kawo masa ruwa, ya gaishe ni tiryan-tiryan, ya tambayi mutanen gidanmu, ya yi mini godiya. Yaya, yaushe Baba ya taɓa yi mini godiya? Mutumin da ba ya iya ganina bai ce 'Yar Rigima ba, bai ce ɗankwalina ya karkace ba? Bai gane ni ba. Bakinsa ne kawai yake gaisuwar da ya saba.

Na je wurin nas ina kuka ina haɗa magana. Allah ya saka mata, ba ta kore ni ba. Na faɗa mata bakwai ɗin motar da zancen shago. Ta buɗe bayanin da ma'aikaciyar motar ta bari, ta zo ta tambayi Baba ko wace ce ni. Ya yi murmushi, ya ce ai malamar asibiti ce.

Ta sake awo, numfashinsa ya fara sauri, makin ya hau. Likita ya ce ciwon huhu ne ya fara shiga jini. Sun wuce da shi ɗakin kulawa ta musamman, ni ina kan benci a waje riƙe da hularsa. Yanzu kam ka taho. Tsoro nake ji ya tafi yana ɗaukata baƙuwa.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Anti ta ce kana hanya, zan bar maka wannan takarda a wurin mai gadi ko ka iso ina ciki.

Likita ya ce an tari abin da wuri, amma bai ce mun fita daga haɗari ba, ni kuma ba na yarda da kowane maki yanzu sai na ga an sake awo. Zazzaɓin ya sauka kaɗan.

Ɗazu suka bar ni na shiga. Na tsaya a gefen gadon, hularsa a hannuna, ina jiran ya ce mini sannu da zuwa. Ya buɗe ido, ya daɗe yana kallona. Bai gaishe ni ba, Yaya. Ya janye abin iskar daga bakinsa, ya ce 'Yar Rigima, wa ya ba ni izinin lanƙwasa masa hula.

Na yi kuka har nas ta fitar da ni. In ka shigo ya yi maka faɗan rashin zuwa, kada ka kare kanka, ka bar shi ya yi.

Allah ya kawo ka lafiya.

Taka,
'Yar Rigima